Ƙarfe Uku Saura Kwata

Kaylene ta danna babban yatsanta a idon sawun mahaifiyarta, ta ɗan jira, ta ɗaga. Ramin da yatsan ya bari bai cike ba.

"Kin gani ko, Mama?"

"Na ga yatsanki," in ji Dulcie. Ta ja bargo ta rufe ƙafar. A barandar ƙanwarta Valda take zaune, inda suka tare tun da aka rufe gidansu bayan rasuwar mijinta. Sanyin Yuni, watan hunturu a ƙasarsu, ya sa kowa ya bi rana, har karnuka. Numfashinta yana fita gajere-gajere, kamar ta hau tudu.

Shekara shida ke nan tana zuwa wankin ƙoda, Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu a kujera, ba ta taɓa yin fashi ba. Ko a makon da mijinta ya rasu ta je. Sai ran Litinin ɗin nan, tana kwance da allura biyu a hannu, talabijin ɗin da ke bango ya sako tallar motocin Kowalski, muryar marigayi mijinta yana waƙa ta cika ɗakin. Nas biyu ne suka riƙe ta don kar ta fizge alluran. Ran Laraba ta ƙi fita. Yau Juma'a.

Mako biyar kacal da rasuwar. A al'adarsu ba a kiran sunan mamaci, ba a kuma sauraron muryarsa; Kumanjayi ake cewa a madadin sunan. An kwashe hotunansa, rediyon al'umma ta ajiye waƙoƙinsa, har wani ɗan uwa mai suna irin nasa ya koma amsa wani sunan. Babu wanda ya tuna da tallar, don ta kwana biyu ba a sa ta ba.

"Nas Bindu ta ce za su kashe talabijin ɗin gaba ɗaya," in ji Kaylene.

"In sa mutum goma sha ɗaya su ƙura wa bango ido awa huɗu saboda ni? Tsoho Reggie da ba shi da komai sai wasan ƙwallonsa? A'a."

"To a toshe miki kunne."

"Na toshe ran Litinin. Ta ƙashi yake shiga."

Valda ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. "Bar ta, 'yar boko. Yayata tun muna yara in ta ce a'a sai dai a ɗauke ta da kujerar. Ke da kika karanta doka, je ki karanta wa mai tallar nan."

Kaylene ta ɗauki jakarta. "Motar asibiti sha biyu take zuwa. Ki shirya."

Dulcie ta gyara bargonta.

A bas ɗin shiga gari ta buga wa gidan talabijin waya. Aka miƙa ta daga wannan zuwa wancan, har ta faɗa hannun wani saurayi a birnin Adelaide mai ladabi ƙwarai. Ya ce mai talla ne kaɗai yake da ikon janye tallarsa. Ya tambayi sunan mawaƙin don ya rubuta.

"Mahaifina ne."

"To, sunansa fa?"

"Ba zan faɗa ba."

Ya ce ba zai iya cike takardar koke babu suna ba. Ta kashe wayar. Ba a yi minti biyu ba rediyon direba ta sako sautin jitar da ta sani tun tana goye. Wata dattijuwa a kujerar gaba ta ce, "Kai, direba," ba tare da ta ɗaga murya ba, ya kashe. Kaylene ta kalli taga har suka wuce busasshen kogi.

Tun kafin a haife ta ya yi waƙar, shi da 'yan uwansa uku da jita ta aro, a kan hanyar komawa gida bayan ruwan sama. Daga nan har garin Tennant Creek babu wanda bai san ta ba. Da ita ake rufe biki, da ita direbobin manyan motoci suke cin dogon titi. A tallar kuwa, baiti ɗaya ake barinsa ya yi, sai hon ɗin mota sau biyu, sai Kowalski ya hau ihu a kan ragin farashi, wani raƙumin zane sanye da baƙin tabarau yana tuƙi yana kaɗa kai. Ranar da Kaylene ta fara gani, bara, tana hutun jami'a, ta gaya wa mahaifinta a gaban mutane cewa ya sayar da mutuncinsa don a tallata tayoyi. Ya dai yi murmushi ya ce waƙa don a ji ta ake yi. Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

Wurin Kowalski yana bakin gari, motocin daji jere cikin waya, tutoci suna kaɗawa a kansu. Ga raƙumin nan a allo, tsayinsa ya fi na ofishin. Des Kowalski da kansa ya fito, ƙaton mutum mai jan wuya, yana dogara sanda saboda aikin da aka yi masa a gwiwa.

"'Yan mata, mota ake nema? Ina da wata ƙarama da za ta—"

"Ni 'yar mai waƙar tallarka ce."

Fuskarsa ta buɗe. Ya kira sunan mahaifinta, cikakke, da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa aboki daga tsallaken titi. Kaylene ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a ƙeya.

"Shekara nawa kake a garin nan, Mista Kowalski?"

Ya dafe bakinsa. "Talatin da ɗaya. Yi haƙuri. Suɓutar baki ce. Shigo ciki."

Ofishin yana warin man inji da kofi. Ta ƙi zama. Ta ciro wasiƙar da ta rubuta, shafi biyu, da lambobin sassan doka da komai, ta ajiye a teburinsa. Ya duba shafin farko, ya ture ta gefe a hankali.

"Na ji labarin rasuwar ina asibiti. Na aika da nama wurin zaman makoki, ki tambayi Valda. Tallar kuwa duk ƙarshen Yuni take dawowa da kanta, ban ma tuna ba. Kuma gaskiya ban ɗauka ta shiga lissafi ba. Daƙiƙa talatin ce, rabinta ma ni ne nake magana."

"Rabin nan ne kaɗai bai dame mu ba yanzu. Da can shi ya fi damunmu."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya daina. "To ga shawara. A sa rubutun gargaɗin nan a farko, irin na labarai, cewa akwai muryar mamaci a ciki."

"Mahaifiyata ta karanta, sannan ta tashi da gudu da allura biyu a hannu da inji a bayanta?"

Nan ta gaya masa. Ba ta ƙawata ba, ba ta roƙa ba. Ta faɗi Litinin, ta faɗi Laraba, ta faɗi kumburin ƙafa da numfashi, da abin da nas ta ce zai iya faruwa da zuciyar wanda ya yi mako guda ba a wanke masa jini ba. Kowalski ya jawo waya tun ba ta gama ba. Ta tsaya tana jin yana yi wa wani tsawa da muryar nan ta talla. Da ya ajiye, ya share goshi.

"Rediyo sun cire yanzu. Talabijin sun ce an riga an kulle jadawali har daren Lahadi. Daga Litinin ba za a sake ji ba."

"Yau nake magana."

"Na sani." Ya kalli kwamfutarsa. Sai ya danna wani abu, injin buga takarda ya yi ƙara. Ya miƙo mata shafi ɗaya. "Ga lokutan da take fita. Ƙarfe nawa ake ɗora mahaifiyarki a injin?"

"Ɗaya zuwa biyar."

"To ɗaya ce tak a ciki. Ga ta." Ya sa yatsa a layin. Uku saura kwata. "Na san da ita, don ba ni na zaɓe ta ba."

Kaylene ta ɗago.

"Shi ya kawo mini waƙar da ƙafarsa, kaset a cikin gwangwanin biskit. Ban nema ba. Ya ce in yi duk haukan da nake so a kai, raƙumi ko jaki, amma da sharaɗi ɗaya: Litinin, Laraba da Juma'a, uku saura kwata, a tashar da ake kunnawa a asibiti. Na ce masa, malam, wa yake sayen mota a wannan lokacin? Tsofaffi ne kawai da marasa lafiya suke kallo. Ya ce shi mai sauraronsa ɗaya ne, kuma ba a barinsa ya shiga da jita."

Ta ninke takardar gida huɗu.

"Wasiƙarki fa?" ya ce.

"Riƙe. Akwai kuskuren rubutu a shafi na biyu, kar ka nuna wa kowa."

Sha biyu saura ta iso gida. Dulcie tana nan inda ta bar ta, sai dai ta ɗaura ɗankwali, jakar asibitin kuma tana ƙarƙashin kujera, inda wai ba za a gani ba. Kaylene ta durƙusa ta buɗe takardar a cinyarta.

"Daga Litinin an cire. Yau sau ɗaya ce, kuma na san lokacin. Ni zan riƙe rimot. Minti biyar kawai zan ɗauka daga Tsoho Reggie."

Dulcie ba ta kalli takardar ba. "In sun yi kuskure fa?"

"Sai in fasa talabijin ɗin, a kai ni kotu, in kare kaina. Karatun ya yi amfani."

Valda ta tuntsire da dariya daga ciki. Dulcie ta miƙo hannu. "Ɗaga ni. Ƙafafun nan kamar na wani."

A asibiti Nas Bindu ta auna ta, ta kalli ma'aunin, ta kalli Kaylene. Aka ɗora ta ɗaya da 'yan mintuna. Kujeru goma sha biyu ne a layi biyu, kowa da bargonsa, injuna suna juya jini a hankali. Kaylene ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana bayani. Yawancinsu tun ba ta gama ba suke gyaɗa kai. Tsoho Reggie ne ya riƙe rimot ɗin a ƙirji.

"Jikata, in aka ci ƙwallo a minti biyar ɗin nan, ke za ki biya ni da me?"

"Maimaici ne, Kaka. Wasan makon jiya ne. An cinye ku."

"Yau ma sai na gani da idona." Ya miƙa mata.

Ta ja kujerar roba ta zauna kusa da mahaifiyarta, agogon bango a gabanta. Biyu ta wuce. Wajen biyu da rabi Dulcie ta fara murza ƙafa a ƙarƙashin bargo, tana cije leɓe. Jijiyoyin ƙafarta ne suke ɗaurewa, kamar kullum in injin ya janye ruwa da yawa. Kaylene ba ta taɓa zama har wannan lokacin ba. Takan raka ta ne ta wuce ofis.

"Kullum haka yake yi miki?"

"Kullum. Daidai yanzu." Dulcie ta lumshe ido. "Ya sani ai."

Kaylene ta juyo ta dube ta. Ashe mahaifiyarta ta daɗe da sanin dalilin uku saura kwata; babu sabon abin da ta kawo daga wurin Kowalski sai ranar cire tallar.

Saura minti goma sha bakwai uku ta cika, ta danna rimot. Allon ya yi baƙi. Sai ƙarar injuna, da takun nas can a ƙarshen ɗaki. Kaylene ta ajiye rimot ɗin a cinya, ta sa hannu cikin bargo ta kama ƙafar mahaifiyarta tana matsawa. Dogon hannun agogo ya hau tara, ya wuce. Ta ba shi minti biyu cur bayan haka, sannan ta ɗauki rimot ɗin.

Dulcie ta dafa hannunta, idonta a rufe, tana bin waƙar a zuci.

"Dakata tukuna," ta ce. "Su ne suke yanke shi. Shi yakan ja ƙarshen."