Ɗakin da Anka Ja Zuwa Barmu

Duk mai son sayen karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake ƙulla wa mota a baya ta ja shi, ya zo ya zauna gabana tukuna. Ni Alƙasum ban taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma na yi karen mota tun ana zuwa Agadas bisa rairayi. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kife da ni, na tashi na kakkaɓe riga. Yunwar da ta share shanun Adar ta iske ni, ta dube ni, ta wuce. Abu in dai yana da taya, ba ya yi mani ƙarya.

Wanda na fara ba shawara shi ne Attahir mai hoto, mijin jikata Rakia. Shekarar da jam'iyyu sunka cika gari ce, kowa na neman katin ɗan ƙasa don zaɓe, kati kuwa sai da hoto. Ma'aikatan Tawa ba su ga albashi ba, balle su zo hoton ado, sai Attahir ya ce shi ƙauyuka zai bi, ya ɗauki hoto ya wanke nan take. Ana haka wasu anasaru masu gina rijiyoyi sunka naɗe kayansu, don hanyar arewa ta lalace, 'yan bindiga na tare motoci. Sunka bar karaban ɗinsu a sayar.

Munka tahi gani. Attahir na shafa labule, yana buɗe ƙananan akwatuna yana murna. Ni kuwa na tsaya a ƙofa na ja hanci.

Ya ce, "Baba, me kake shinshina?"

Na ce, "Ruɓa. Ɗakin da ruwa ya shiga, hanci ke fara sani. Kai ka zo kallon amarya, ni na zo duban ƙafarta."

Na yi tsalle a daɓen, lungu lungu, bai lotsa ba. Na kwanta ƙasa na shige ƙarƙashi na ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayu. Tayun kuwa zanensu sabo ful, amma rana ta tsattsage gefensu. Na ce a sake su. Ya ɓata rai, ya sake. Na ja shi wurin mai walda anka kafa wa tsohuwar motarsa Pijo ƙugiya, na tsaya kan mai waldar har ya yi fushi, na sa anka ƙara sarƙa. Sannan na gaya wa Attahir magana biyu. Kaya mai nauyi bisa tayu yake zama, ko gaba kaɗan, kada a kuskura a kai shi baya. Kuma in ana tafiya, rai ba ya zama ciki, ko na kaza.

Ya ce, "Na ji, Baba."

Da ya kai shi gida sai ya shafe tagogi duka da baƙin fenti, don wankin hoto ba ya son haske. Na bar shi, sana'arsa ce.

Cikin Rakia ya tsufa. Na fari ne, dole a kai ta gun uwarta a Barmu ta haihu. Ƙafafunta sun kumbura, bayanta ba ya barin ta zama. Ranar tafiya na iske Kaltumi, uwar Attahir, tana shimfiɗa zane a gadon karaban.

Na ce, "Kaltumi, wa zai kwanta nan?"

Ta ce, "Wa kuwa? Ga gado Allah ya kawo har ƙofar gida, sai a naɗe yarinya da wanga ciki a kujerar mota awa buhun albasa?"

"Ba a shiga wanga abu yana tafiya."

"To me anasaru sunka sa gado ciki su yi? Su kalla?"

"In sun tsaya suke kwanciya."

"Malam Alƙasum, ka san taya, ban musa ba. Ciki ni na sani."

Na juya wurin Attahir. Ya sunkuyar da kai yana goge madubin mota, don yaro ba ya tsallake maganar uwarsa gaban mutane. Rakia kuwa tana zaune bisa tabarma, ta dafe ƙugu, ta ɗago ta ce, "Haba angona, kishi kake don na samu gado mai taya, kai kana bisa karan dawa? Wallahi in na zauna a motar nan har Barmu, gawata za ku sauke."

Ba wasa a idonta. Na ga an fi ƙarfina. Na ce to, in dole sai ta shiga, da ni za a shiga, kuma Attahir ya tafi awa mai rakiyar makaho. Kaltumi ta ce, "Shiga mana, ai matarka ce." Anka yi dariya. Na tafi sallar azahar na bar su suna loda kaya.

Da anka rufe mana ƙofa, duhu ya rufe mu. Haske ɗaya ke akwai, ta wata 'yar kafa a rufi da ake ɗagawa don iska. Na zauna a daɓe na jingina. Kan gudiro, hanyar kwalta, lafiya lau, Rakia har tana tsokanata wai in ɗan ya zo namiji ta sallame ni. Da munka sauka jar hanya na ji motar ta ƙara wuta. Na san dalili. Ba direban da ke son la'asar sakaliya ta iske shi a hanyar nan a wancan lokaci. Amma sauri da ɗaki a baya wani abu ne daban.

Sai hanya ta fara gangara. Na ji shi a ƙashin bayana kafin komai: gindin karaban ya ɗan leƙa dama, ya dawo, ya leƙa hagu. Na ce a raina, iska ce. Ya sake, wannan karon ya fi nisa. Kwanon sha ya zame daga kusa da gado ya tafi da kansa har bango.

Rakia ta ce, "Kaka, mene ne?"

Ba ta ce mani Kaka sai abu ya ɓaci.

Na ce, "Ina anka sa kayan da za a kai wa uwarki?"

"Inna Kaltumi ta ce a kai su can baya, ɗan ɗakin wanka, don in samu wurin miƙe ƙafa."

Na rarrafa na ja ƙofar ɗan ɗakin. Shaƙe yake har sama. Buhunan shinkafa da gero, itacen wankan jego ɗauri ɗauri, bidon ruwa, wato jarka, da sabon turmi a bisa. Duk a ƙarshen wutsiya. Wanda ya taɓa ganin tirela ta yi haka ya san abin da ke biyowa. Wutsiya na kaɗawa, kowane kaɗi ya fi na baya, har ta ɗaga gindin motar da ke jan ta, su kife tare.

Na ce, "Sauko ƙasa. Yanzu."

Na riƙe ta ta sauko, na kwantar da ita a daɓe daidai tsakanin tayu, nan ne kaɗin ya fi sauƙi. Na finciko katifa na tokare ta da ita. Na ɗauki guntun itace na shiga bugun bangon gaba da iyakar ƙarfina, don Attahir ya ji ya sassauta.

Motar ta ƙara gudu.

Daga baya ya gaya mani da ya ji ƙarar, Kaltumi ta ƙwala ihu wai harbi ne, ya duƙar da kai ya take mai. A lokacin ban san haka ba. Na dai san na buga, abin ya ƙaru. Na jefar da itacen.

Yanzu ɗakin ba leƙe yake ba, jifa yake. Taya ɗaya ta bar ƙasa, ta dawo da ƙara, ɗayar ta tashi. Ƙananan akwatunan sunka buɗe, kwalaben ruwan hoto na zubowa, wari ya cika wurin. Rakia na salati da ƙarfi, hannu biyu a kan ciki.

Tsoho ne ni, amma hannun da ya yi lodin gishiri da siminti bai manta ba. Na kama kunnuwan buhun farko, na jira ɗakin ya jefa ni gaba, na bi jifar na ja. Ya zo har gaban tayu. Na koma. Na biyu ya maƙale da itace, na sa haƙori na kwance igiyar ɗaurin, itace ya watse, na ja. Ana cikin haka turmi ya sauko. Na gan shi a ɗan hasken nan yana mirginowa, kai tsaye wurin Rakia, ta gefen da katifa ba ta rufe ba. Ba lokacin kama shi da hannu. Na miƙa ƙafa. Na ji ƙashi ya yi ƙas, awa an karya kara. Turmin ya kauce ya bugi ƙafar gado, amma ɗakin ya sake jifa, Rakia ta zame ta bugi bango da gefenta. Ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru.

"Rakia!"

"Ina ji, Kaka. Ja kayanka."

Na ja. Da gwiwa, da ƙafa ɗaya, na kawo buhu na uku da bidon ruwa, na danne turmin a tsakaninsu. Kaɗin ya ragu. Bai bari ba, amma tayu sun zauna ƙasa. Sai dai motar na gudu har yanzu, ni kuwa na san hanyar, a ƙarshen gangaren akwai kwana sannan ƙorama mai rairayi. In munka shige ta da wanga gudu, ba lodin da zai cece mu.

Na buɗe ƙofa. Iska ta fizge ta ta maka da jikin ɗakin, jar ƙura ta shigo. Na riƙe ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, na shiga jefa itace waje, ko yaron zai gani a madubi. Ƙura ta haɗiye su. Na yi ihu, iska ta mayar mani da shi baki. Na waiga ina neman abin da ido ba zai tsallake ba, sai na ga wani dogon naɗi a ƙarƙashin gado. Ƙyallen da Attahir ke ratayawa bayan mutane ne in zai ɗauke su, an zana gidan sama da jirgi a jiki, shuɗi da ja. Na jawo shi, na riƙe baki ɗaya, na saki sauran. Ya buɗe a iska faɗin bango, yana kaɗawa gefen hanya, yana neman ya tafi da ni.

Wanda bai tsaya wa harbi ba, ya ga gidan samansa na tashi a madubi. Na ji ya ɗaga ƙafa. A raina ina cewa, kada ka danne burki gaba ɗaya, ɗan nan, a hankali, a hankali. Allah ya sa ya ji abin da ban faɗa ba. Munka yi ta rage gudu har munka tsaya, hancin Pijo na kallon rairayin ƙorama.

Attahir ya iso da gudu, ya leƙo, ya ga itace da kwalabe da ni da matarsa a ƙasa. Ya tsaya ya toshe ƙofa. Kaltumi ta ture shi ta shigo.

Munka fito da Rakia ƙarƙashin wata bagaruwa. Ba jini. Amma ta riƙe hannun Kaltumi ta ce, "Inna, tun da na bugu bai motsa ba. Da can yana ta shuri."

Kaltumi ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa ta shafa mata fuska, ta ba ta ruwa, ta juya ta bisa gefen hagu, ta ɗora tafin hannu a cikin. Ni da Attahir munka juya baya. Ƙafata ta kumbura ta cika takalmi, ban ji ta ba. Yaron na ta cewa, "Baba, in juya Tawa wurin likita? Baba, in juya?" Na ce ya yi shiru tukuna. Hanya ba kowa, ko akuya. Inuwar bagaruwa ta matsa ta bar ƙafafun Rakia a rana, ba wanda ya tuna ya gyara.

Na ga mutuwa iri iri, ban taɓa jin tsoron shiru ba sai ran nan.

Can sai Kaltumi ta ja numfashi. Ta ce, "Tsaya." Ta matsar da hannu ƙasa kaɗan. "Tsaya... Ga shi! Ga ɗan banza, ya shure ni!"

Rakia ta fashe da kuka tana dariya. Attahir ya zube ƙasa ya kai goshi bisa tsakuwa.

Anka kwantar da kujerar gaba, anka sa wa Rakia matashi, Kaltumi ta zauna baya ta riƙe kanta. Kafin ta rufe ƙofa ta dube ni, ta dubi ƙafata, ta ce, "Malam Alƙasum, a gyara maka gadon ka miƙe ƙafar?"

Na ce, "Matsa mani can."

Na shiga kusa da ita, munka haye ƙorama da ɗakin a bayanmu ba kowa ciki.