Tulun Mama Dokas

Shekara ashirin da biyu Mama Dokas tana buga tulu a zumuntar matan cocinsu da ke Angwan Iya, kuma in ba faɗa kake nema ba, kada ka ce mata akwai wadda ta fi ta hannu. Ciwon suga ya same ta tun tana budurwa, bai hana ta ba. Sai bana ɗanta Ruben ya kawo mata na'urar insulin daga Abuja, 'yar ƙarama, mai siririn tiyo da ke shiga fatar ciki yana ɗiga mata magani ba tsayawa. Aka ce ta huta da allura. Hutun ke nan, sau biyu aka kwantar da ita a asibiti cikin wata guda, suga ya hau, tana amai, kuma duka biyun bayan ta dawo daga waƙa.

Mijinta Yosiya, tsohon malamin makaranta, ya yanke hukunci: tulun ne ke wahalar da ita, a ajiye shi. Abin ya ci wa Dokas rai ƙwarai.

Sista Hamdiya, nas ɗin da ke koya wa masu suga amfani da na'urar, ba ta gamsu ba. Ta sa Dokas ta nuna mata yadda take cika magani da yadda take canza wurin allura duk bayan kwana uku, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba.

"To Mama, zan zo in ga kiɗan da idona."

Ranar Alhamis da la'asar sai ga ta da hijabinta a bencin baya na cocin, mata suna satar kallonta. Dokas ta ɗaure zanin zumunta tamau, yadda ake yi don kada ya kwance a rawa, ta ɗora tulu a cinya, ta manna shi da ciki. Waƙa biyu aka yi Hamdiya ta yafito ta. A ɗakin baya suka kwance zanin, ga tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin ɗauri, gindin tulu kuma a kan filastar da ke riƙe allurar yake zama.

"Tun ɗazu na'urar take kuka, Mama. In tiyo ya toshe, magani ba ya shiga."

"Na taɓa jin ta," in ji Dokas. "Na danna ta ta yi shiru. Haba 'yata, in tsaya a tsakiyar waƙar Ubangiji saboda 'yar roba?"

Hamdiya ta mayar da allurar can gefe, sama da ɗaurin zani, inda tulu ba ya kaiwa, ta sa na'urar ta riƙa girgiza maimakon ƙara.

"In ta girgiza, ki tsaya, ko a ina kike. Ki duba tiyo, ki gwada suga. In ya hau, kin ba da magani bai sauka ba, ki yi allurar hannu, ki canza tiyon. In amai ya fara, sai asibiti."

Da ƙyar Yosiya ya yarda a gwada sau ɗaya, a babban taron zumunta na Garaku. In aka sake kwanciya, ita da tulu sun rabu.

A Garaku coci ya cika maƙil. Suna tsakiyar waƙa ta uku, hannun Dokas ya yi daɗi, sai ta ji girgiza a ƙugu. Ta ƙara bugu biyu kamar ba ta ji ba. Sannan ta sauke tulun, ta ɗauki jakarta, ta ratsa mutane kunya kamar ta nutse. Ba ta taɓa yanke waƙa ba, ko ranar da take zazzaɓi.

A gindin mangwaro ta duba. Zani ya ja tiyon ya naɗe. Ta warware shi, ta tayar da na'urar, ta gwada suga, ta ga bai yi nisa ba. Ta tabbata kafin ta koma an shiga wata waƙar, Anjelina mai zama kusa da ita ta karɓi tulun, shi ke nan an ga ana iya yi ba da ita ba.

Da ta iso bakin ƙofa, baitin da ta bari shi ta tarar, mata suna riƙe da shi da tafi kawai. Tulun yana nan a gaban kujerarta, ba wadda ta taɓa shi.

Anjelina ta matsa mata, ba ta daina tafi ba, ta ce, "Sau tara muka maimaita, Mama. Hannuwanmu sun yi zafi, zauna ki karɓe mu."