Muryar da Ta Ambaci Sunan 'Yar Fari

"Inna, ki dai tsaya da ita nan gindin aduwar nan. Don Allah kada ki saki igiyar sai na dawo."

"To, ranki ya daɗe. Ke za ki je hira da ƙarfe, ni ki bar ni da rana da ƙudaje."

"Roƙo nake, Inna."

"Ɗana yana can Agadas kwance, ƙafa na ruɓewa, ke kina roƙo a kan dabba. Je ki. Amma ki sani, ƙafa in aka yanke ba ta tsirowa."

Zalika ta sunkuyar da kai. Ba a mayar wa uwar miji magana, balle a tsakiyar kasuwar bisashe ta Tanut, inda kowane dillali kunnensa a miƙe yake. Ta shafa wuyan saniyar, ta ji ɗumin fatarta a tafin hannu, ta dubi cikin nan da ya yi nauyi, saura wata ɗaya ko biyu ya sauka. Sannan ta gyara mayafi ta nufi gidan waya.

Sunan saniyar Sayge, kuma ba tasu ba ce. Farin bara ya share musu garke ƙaf, ya kore su daga Ollelewa har suka kafa bukka a gefen Tanut. Da ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙare, mijinta Yahuza ya ja gawar saniyarsa ta ƙarshe bayan gari, ya dawo ya zauna cikin bukka har kwana biyu. A rana ta uku Buba, abokinsa Bafulatanin Tenhya, ya zo riƙe da igiya. Shi ma shanu biyar kaɗai suka rage masa, amma ya zaɓi karsana mafi kyau ya ɗaure a turken Yahuza. Habbanaye ke nan, saniyar amana: ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka 'ya'ya uku su zama naka, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko dukanta ba a yi. Yahuza ya yi kuka ran nan, kukan da bai yi wa garkensa ba.

Bayan haka ne ya samu aikin tuƙi a Kamfanin Jigila na Tegama, mai manyan kamiyo da ke kai kaya daga Damagaram zuwa Arlit. Duk ƙasar Damargu an san kamfanin da gaskiya. Motocinsa ne suka kawo dawar taimako lokacin yunwa, ba a taɓa jin buhu ɗaya ya ɓata ba. In an ce Tegama ta ce, to an gama magana.

Shi ya sa shekaranjiya, da Malam Manzo mai kula da tarho ya aiko cewa kamfani na neman iyalin Yahuza, Zalika da Inna suka zo a guje. Wata murya mai laushi ta ce ita ce Mushe Attahir, wato Malam Attahir a bakin 'yan boko, daga buron kamfanin, ofishinsu. Mota ta kife bayan Aderbissinat, ƙafar Yahuza ta murƙushe, yana kwance a likitar Agadas. Kamfani zai biya komai, amma takardu na cin lokaci, magani kuwa ba ya jira. Su kawo abin da suke da shi ranar kasuwa, wakilin kamfani zai karɓa, a mayar musu daga baya. Ya nemi sunayen mutanen gida don cika takarda. Zalika ta kasa furta sunan miji da na 'yar fari, kunya ta ɗaure mata harshe, sai Inna ta karɓe tarhon ta zazzage komai: sunan jikarta Fatu, sunan surukarta, har da sunan Sayge da yadda ta zo gidan.

Kwana biyu Zalika ba ta ci abin kirki ba. Tana son Yahuza irin son da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, son da ke sa ta gane ƙarar motarsa tun tana bayan tudu, a cikin motoci goma. Ƙafarsa a gefe ɗaya, amanar Buba a gefe ɗaya, ita a tsakiya kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa. Da ƙyar ta roƙi Inna alfarma guda: Mushe Attahir ya yi alkawarin yau zai haɗa ta da Yahuza, a bari ta ji muryarsa tukuna.

Malam Manzo dattijo ne mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Ya nuna mata benci.

"Zauna, 'yata. Mutanenki sun ce ƙarfe goma sha ɗaya. Amma agogon Agadas da namu ba uwarsu ɗaya ba."

Ba ta yi dariya ba. Da tarhon ya yi ƙara sai da ta zabura. Ta shiga ɗan akurkin katakon da ake amsa waya, ta kanga tarhon a kunne da hannu biyu.

"Alo, Madam Zalika? Attahir ne na Tegama. Kun kawo saniyar?"

"Tana kasuwa. Ina maigidan?"

"Madalla. Ga shi nan, amma kada ki ja shi da magana, lokotoron da ke duba shi ya hana. Bakinsa ma ya kumbura, muryar ta sauya."

Layin ya yi ta ƙugi kamar iska a cikin kara. Sai wata murya ta taso, a shaƙe, da nishi.

"Zalika... ni ne."

Hawaye ya ɓalle mata. "Sannu. Wayyo, sannu. Yaya jikin?"

"Da wuya. Gobe za su yanke in ba a kawo ba. Ki saki Sayge, Zalika. Saniya ce kawai, na saya wa Buba wata. Ki yi don Fatu. Kina so Fatu ta tashi da uba gurgu?"

Hawayen ya tsaya a kumatunta. Shekara shida ke nan da haihuwar yarinyar, ko sau ɗaya sunan bai taɓa fitowa daga bakin Yahuza ba. 'Yar fari ce. Ranar da ƙyanda ta kwantar da ita suka fid da rai, yana zaune a bakin bukka, abin da ya iya cewa shi ne, "Yaya 'yar Inna?" Mutumin da bai karya kunya ba ranar da 'yarsa ke bakin kabari, yau zai karya ta sau biyu a numfashi ɗaya? Kuma Sayge, wai saniya ce kawai?

Amma ciwo fa? Ciwo na sa mutum ya manta da kansa. In ta yi kuskure, ita ce ta yanke masa ƙafa da hannunta.

"Ran da Buba ya kawo ta, me ka ce mini a bakin turke?"

Nishin ya ƙaru. "Haba Zalika, ina mutuwa kina mini tatsuniya?"

Muryar Attahir ta dawo da sauri, laushin ya ragu. "Madam, kin tayar masa da ciwo. Ki tsaya nan, kada ki motsa, zan sake kira yanzu in ya farfaɗo. Kada ki faɗa wa kowa, kamfani ba ya son surutu." Layin ya mutu.

Ta fito daga akurkin. Malam Manzo ya dube ta ta saman tabarau.

"Baba," ta ce, "in mutum ya kira nan, kana sanin daga ina yake?"

"Ana ce mini ga kira daga gari kaza. Wannan dai daga Damagaram aka haɗo shi, ba Agadas ba. Na ɗauka kin sani. Amma ko wane ne, ko daga wane ɗaki, Allah kaɗai ya sani. Ni ma in na so sai in kira in ce ni ne sarkin Masar."

"To yaya ake gane gaskiya?"

"Wanda ya kira ka, shi ya san ka. Wanda ka kira, kai ka san shi. Kina da wata takarda ta kamfanin?"

Tana da ita. Wasiƙar Yahuza ta ƙarshe na ƙulle a gefen zanenta, a cikin ambulan mai hoton raƙumi da lambobi a ƙasa. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa an karanta mata har ta haddace. Malam Manzo ya duba lambar, ya murza hannun tarho, ya yi Faransanci da wata mata a can nesa. Layi a cike yake, sai a jira.

Ta yi tunanin rugawa kasuwa. Amma me za ta ce wa Inna? Wai ɗanki ya faɗi sunan 'yarsa, don haka a bar shi a yanke? Tsohuwa ba za ta saurara ba sai da hujja. Kuma ai ta ce mata kada ta saki igiya. Ta zauna. Inuwar taga ta ja jiki daga bango zuwa ƙasa, aka yi kiran azahar, tana zaune tana murza gefen mayafi.

Sai can tarhon ya amsa. Wani akawu mai saurin baki ya ce babu wani Attahir a buronsu, babu motar da ta kife, kuma Tegama ba ta taɓa neman ko dala daga iyalin ma'aikaci ba. Wannan ne gida na huɗu da aka yi wa haka da sunansu, sun ma kai ƙara wajen jandarma. Yahuza kuwa ga shi can a fili ana yi wa motarsa lodin siminti. Ta ji ana ƙwala kira, ta ji takun gudu.

"Alo? Wa ke nan? Lafiya?"

Ba ta buƙaci tambaya ba. Muryar ta shige ta har ƙashi.

"Ni ce."

"Ke ce? A tarho? Me ya faru? 'Yar Inna lafiya? Inna fa? Ko Sayge ce ta haihu?"

Ta saki tarhon yana lilo a igiyarsa, ta fita da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi a hanya.

A gindin aduwar Inna na zaune a ƙasa, igiya naɗe a cinyarta, fuskarta a sake kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Kin daɗe! Ai an gama. Wakilin ya zo, yaro mai ladabi, da riga mai hoton raƙumi. Ya ce kun yi magana da mijinki, ke kika aiko shi a saki. Shi ya kawo mai saye ma, ko ciniki ba a ja ba. Na damƙa masa kuɗin a hannu, ya ce yau za su kwana a Agadas."

"Ina saniyar?"

"Motar 'yan kudu ta ɗauke ta tun kafin azahar. Me ya samu ƙafarki?"

Zalika ta durƙusa ta faɗa mata, a hankali, kalma bayan kalma. Ɗanta lafiya lau, yanzu ta ji muryarsa. Inna ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta yi guɗa har dillalai suka waiwayo. Sai guɗar ta katse a tsakiya. Ta dubi igiyar da ke cinyarta. Ta daɗe tana kallonta.

"Ni na ba su sunayen," ta ce, muryarta ta koma ƙarama. "Da bakina."

"Ni kuma na zauna a benci ina jiran hujja, Inna."

Suka zaga kasuwa, suka je tasha, suka je wajen jandarma. Kowa ya ga mai riga da hoton raƙumi, babu wanda ya san shi. Wani dillali ma cewa ya yi ai ya ɗauka ɗan gidan ne. Da la'asar suka dawo gindin aduwar, don babu mai ƙarfin fuskantar turken da ke gida.

Inna ta matso kusa, ta rage murya.

"Saurara, 'yar nan. Kin san ƙa'idar habbanaye. In saniya ta mutu a hannunka, ba a binka komai, Allah ya karɓi abinsa. Mu ce haihuwa ce ta zo mata da gardama. Wa zai tona? Buba zai ce Allah ya mayar da alheri, shi ke nan. In ya ji sayarwa aka yi, daga nan har Balbeji babu makiyayin da zai sake ɗaura wa ɗana ko akuya. Sunansa ya mutu alhali yana raye."

Gaskiya ta faɗa, kuma Zalika ta sani. Ƙarya guda za ta rufe komai, har Yahuza ma sai a rufe shi a ciki. Ta tuna Buba da shanunsa biyar, yadda ya tsaya yana zaɓar wadda ta fi. Yau da safe wani ya ari muryar mijinta ya cuce ta, yanzu ita ake so ta ari hawaye ta je ta cuci mutumin nan.

Ta miƙe, ta zare igiyar daga cinyar Inna, ta naɗe ta a hannu.

"Ki yafe mini, Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba. Gobe da asuba zan kama hanyar Tenhya. Zan ajiye wa Buba igiyarsa a gabansa, in ce masa Sayge ba ta mutu ba, mu muka sayar da ita."