Tukunyar da Ke Zuwa da Zafi

Yana sauke tukunyar iskar numfashi daga bayan babur, nas ɗin da ke zuwa duba Auta ta ɗora tafinta a kai, ta janye da sauri.

"Baban Auta, daga murhu ka ɗauko ta?"

"Haka nake karɓo ta kullum," in ji shi. "Dubi mita, a cike take maƙil."

Wata huɗu ke nan da aka sallamo Auta daga asibiti da ciwon huhu, ba ta iya numfashi sosai sai da roba a hanci. Likita ya ce tukunya ɗaya za ta kai yammacin kwana na uku. Amma tun da hantsin ranar take ƙarewa, yana wurin aiki. Sau biyu ana gudu da yarinyar asibiti, leɓɓanta sun yi baƙi. Makon jiya ya yi wa matarsa tsawa a gaban yara, ya ce ita ke buɗe makunnin fiye da ƙima.

Nas ta sa ya shigar da tukunyar ɗaki, ta ce kada a buɗe.

"Iskar da ke kulle cikin ƙarfe ba ta da wurin zuwa," in ji ta. "In ta ji zafi sai ta ƙara tura bangon, allurar mita ta hau. Ba ƙaruwa ta yi ba, fushi kawai ta yi. Mai cikawa na kirki yakan bari ta huce, sannan ya ƙara."

Suka zauna. Bayan awa ɗaya da rabi tukunyar ta yi sanyi, allurar ta sauko daga kan koren da ke nuna cika, ba tare da kowa ya taɓa makunni ba. Maman Auta ta leƙa ta gani, ta koma ta ci gaba da ninke kayan yara. Shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

Dogo ne ke cika masa, abokinsa tun suna yara. Da motar Dogo aka kai Maman Auta asibiti ranar da za ta haihu.

Ya ɗaure tukunyar a babur ya koma. A shagon, tukwane suna jere a inuwa. Guda uku ne kawai aka ware a kan wani fallen kwano a tsakiyar rana, an rataya wa kowace takardar sunan mai ita.

"A'a, ɗan'uwa, har ka yi kewata?" in ji Dogo yana dariya. "Ya jikin amaryata Auta?"

"Waɗancan me suke yi a rana?"

"Wuri ne ya yi kaɗan."

Baban Auta ya dubi inuwar. Ko jaki aka kawo zai sami wurin kwanciya. Ya nuna masa mitar. Dogo bai duba ba, sai ya shiga goge hannunsa da tsumma, hannun da babu abin da ya taɓa.

"Haba ɗan'uwa, kowa haka yake yi a sana'ar nan. Ɗan kaɗan ne fa."

"Ɗan kaɗan ɗin nan wuni guda ne na numfashinta. Ranar da muka kwanta asibiti kai ka kawo mana lemo."

"Wallahi ban ɗauka zai kai haka ba."

Ya so ya ɗauki tukunyarsa ya tafi, kada ya sake tako wurin. Amma sai an yi tafiyar awa biyu kafin a sami wani mai cikawa, ɗayar da Auta ke shaƙa a gida kuwa ba za ta wuce la'asar ba. Ya mirgina tukunyar zuwa inuwa, ya jawo benci.

"Cika ta. In ta huce ka ƙara. Ina nan."

Dogo ya haɗa bututu. Can ya miƙo masa ruwan sanyi, Baban Auta ya ce ya gode, ya ajiye a ƙasa. Sai ya fito da waya ya kira gida.

"Zan ɗan yi latti. Tana lafiya?"

"Tana barci," in ji Maman Auta.

Bututun yana ta huci a bayansa.

"Zancen makunnin nan, ba ke ba ce," in ji shi.

"Na sani," ta ce. "Ka dai yi sauri."