Tulin Gefen Famfo

Duk shekara kafin sanyi ya kama, mijina Orval ne ke lulluɓe gindin wata shuka da ake kira mefof, wadda ta yaɗu a shingenmu, mai furen nan ruwan shuni. Sai ya datse yaɗon daidai gwiwa, ya tula busasshen ganyen bishiyar fayin a kan saiwar, don a nan tsaunukan Tennessee ƙasa daskarewa take yi. Ko ni bai taɓa yarda na sa hannu ba.

A bara na leƙa ta taga na gan shi yana juye baro a gefen famfo, nesa da shingen, inda babu komai sai ciyawa.

'Yarmu Darlene na tsaye a bayana. Ta daɗe tana so mu kai shi gidan kula da tsofaffi, ni kuma ina ta cijewa.

"Mama, kin dai gani da idonki," in ji ta. "Shukar tasa ma ya manta inda take."

Na fita. "Tsoho, wa kake lulluɓewa a nan? Famfon ne ke jin sanyi?"

"Loretta, je ki ji da tukunyarki," ya ce. "Nan ta dawo."

Na so in kwashe tulin in mayar gindin shinge. Amma ga zanin gado na jiran wanki, ga murhun da ya bari a kunne, bayana kamar zai ɓalle. Na ce gobe, gobe ta zama jibi, har ƙanƙara ta sauka. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Bayan Kirsimeti na daina gardama da Darlene, muka kai shi.

Mefof ba ta gaggawar tsirowa, sai an fid da rai take leƙowa. Amma har ƙarshen Mayu gindin shinge shiru, sanyi ya cinye ta. Da na je kwashe ruɓaɓɓen tulin gefen famfo, sai ga tsirrai kore shar. Ashe saiwar ce ta bi ƙarƙashin ƙasa ta koma wajen danshi, kuma shi kaɗai ya lura.

Da furen farko ya buɗe na tsinka na kai masa. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Na gode, baiwar Allah," ya ce. "In kin ga matata, ki ce mata ta lulluɓe ta gefen famfo. Ni sun hana ni fita."