Garin Kwaki a Cikin Hita

Kwana huɗu da haihuwar Nana Aisha, hitar ɗakinta ta fara yoyo. Irin tsohuwar nan ce ta ƙarfe, mai zagaya ruwan zafi a cikinta. Ga ta nan ƙarƙashin taga tana ɗiga ɗis-ɗis a kan katako, a tsakiyar Janairu kuwa.

Hankalin mijinta Garzali ya tashi, ba don katakon ba. Surukarsa Hajiya ta zo takanas daga Kano don wankan jego, kuma tun da ta sauka take maimaita cewa haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta. Ga ɗanta Abdurrahim da ƙaton gida nan kusa a Summerfield, me za a zauna yi a gidan haya? Da ƙyar aka shawo kanta, bisa sharaɗi ɗaya: kada sanyi ya taɓa mai jego da jaririya. Garzali kuwa shekara shida yana jiran 'yar nan. A ɗauke masa ita kwana arba'in? Abin ya tsaya masa a rai.

Ya kira Tahirou, ɗan Nijar mai gyaran famfo, shi kuwa ya ce sai gobe.

To Garzali fa ba baƙon yoyo ba ne. Kafin ya zo Amurka shekara takwas ya yi yana jan bas tsakanin Kano da Jos, kuma kowane direba ya san maganin lagireto in ya huje a daji: a zuba masa garin kwaki, ya kumbura ya toshe kafar. Ruwan zafi ne can, ruwan zafi ne nan, ina bambancin? Bawan Allah ya figi mota sai kantin 'yan Afirka a Gate City. Ya dawo ya kashe tukunyar hitar, ya kwance murfin gefe, ya naɗe takarda ya ɗura gwangwani ɗaya. Ya duba girman ƙarfen, ya ga ai wannan ya fi na bas, ya ƙara biyu, ya mayar da murfin ya kunna.

Wallahi yoyon ya tsaya. Garzali ya riƙa shiga ɗakin yana fita, hannu a baya, ko wani zai yaba.

Bayan la'asar ƙarfen ya fara gurnani. Can Hajiya ta ɗaga hanci ta ce, “Nana, wa ke tuƙa teba a gidan nan?”

Kafin magariba hitar ta yi sanyi ƙalau, ta falo ma ta bi sahu. A ɗaki ɗaya suka kwana da 'yar hitar lantarki.

Da safe Tahirou ya kwance bututu, abu ya zubo fari, da kauri, yana danƙo. Ya shafa a yatsa ya sansana, ya dubi Garzali.

“Malam Garzali, miyar kawai ta rage.”

“Yau za ta gyaru?”

“Ina! Ya shiga har cikin injin. Sai an wanke layin duka. Kwana biyar, in an yi sa'a.”

Hajiya ba ta jira ƙarin bayani ba, ta hau haɗa kaya sai gidan Abdurrahim, kuma ta ce in an tafi sai an yi arba'in. Garzali da kansa ya kai akwatuna mota. Ya dawo ya ɗauki jaririyar a cikin bargo, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa fita da ita. Kunya ta ishe shi, ga baƙin ciki, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi. Ya sunkuyar da kai yana gyara mata hular da ba abin da ya same ta.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya wajen 'yarta, ko da yake yana tsaye a gabanta.

“Nana, ki ce da shi ya ɗauko nasa kayan. Akwai ɗaki a ƙasa.”

“Mama, miji a gidan wanka? Me mutane za su ce?”

“Mutanen suna Kano. Uban yarinya ba zai kwana cikin sanyin nan ba.”

Garzali ya miƙa wa Nana Aisha jaririyar, ya shiga ɗaki ya haɗa kayansa a cikin minti biyu, kafin Hajiya ta sake shawara.