Hannu Uku na Hajiya Suwaibatu

Shekara ashirin da biyu ni ke rabon naman suna a unguwarmu a Mabai, ba a taɓa jin wata ta ce an tsallake gidanta ba. Sai a sunan gidan Alhaji Sanusi nama ya gaza, gida huɗu ba su samu ba. Hajiya Suwaibatu, wadda muka yi tashe tare kuma ba mu taɓa shiri ba, ta bi gida gida tana cewa ai ta ga bakin zanena da maiƙo. Daga nan aka karɓe rabo aka ba ta. In na shiga taro sai in ga mata suna jawo kwanoninsu kusa da ƙafa.

Ni kuwa na san halinta. Ɗakin da aka aje nama take shiga, inda ke da duhu, ta ce za ta yi lissafin gidaje, kada kowa ya dame ta. Amma wa zai yarda da ni?

Ina da ƙawa a Kankara, Esther, mutuniyar Damari ce da aure ya kawo, tana da shagon hoto kusa da tasha. Ran kasuwa nakan zauna wurinta in huta, in ba ta labarin gari. Wata rana na iske ta tana ta ɗaukar hoton ƙofar shagonta, ba mutum ba dabba.

Na ce, "Maman Ɗanlahadi, lafiya? Ko ƙofar ce ta zama amarya?"

Ta ce, "Gwaggo, sabon abu nake koyo, HDR ake ce mashi. In kin ɗauki tsakar gida da rana, cikin ɗaki sai ya fito baƙi ƙirin. To wannan hoto uku kyamara ke ɗauka a jere: mai duhu, matsakaici, da mai haske sosai. Sai manhajar kwamfuta ta haɗe su, ki ga na rana, ki ga na inuwa."

"Har abin da ke cikin ɗaki?"

"Har tsintsiyar da ke bayan ƙyaure. Wahalarsa ɗaya, kada kowa ya motsa."

Nan take goron da ke bakina ya ƙara daɗi.

Da Mansura ɗiyar Malam Rabo ta haihu, na lallaɓa uwarta ta kira Esther. Ran suna da azahar na ga Hajiya ta shige ɗakin nama da jakarta, ta bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Nan da nan na tara mata, na jera su a gefen ƙofar, na ce nan bangon ya fi kyau. Esther ta kafa kyamara bisa ƙarfenta mai ƙafa uku, ta ce kowa ya tsaya cak. Kowa ya tsaya, ban da wadda ba ta san ana yi ba.

Washegari na riga Esther zuwa shago. Ta haɗa hotunan, ta ja wani ɗan layi a kwamfuta, sai duhun ƙofar ya fara washewa. Ga Hajiya durƙushe gaban roba. Ga hannu ɗaya cikin nama, ga wani a sama riƙe da tsoka, ga na uku cikin jaka.

Esther ta yi tsaki. "Kin ga abin da nake faɗi? Ta motsa, hoton ya ɓaci. Bari in goge wurin, manhajar na iyawa."

Na riƙe mata hannu. "Ki goge mi? Ni dai ban taɓa ganin hoton da ya yi kyau kamar wannan ba. Ƙara ma hasken kaɗan."

Ta juyo ta dube ni. "Gwaggo, da ni kika yi farauta ashe."

"Ke dai wanko mani babba."

Ban kai ma kowa ƙara ba. Na kai ma maijego hotonta ran da mata suka taru gaishe ta, na ce a duba yadda lallen Mansura ya fito. Hoto ya bi hannu hannu. Kowace in idonta ya kai ƙofar nan cikin hoton sai ta ƙara dubawa, ta miƙa ma ta kusa. Da ya iso ga Hajiya ta ce wannan aikin aljanu ne, mutum ai hannu biyu gare shi.

Uwar Mansura ta ce, "Haka ne, Hajiya. Amma duk ukun da zobenki na Makka."

Sunan da ya biyo baya, ni aka aiko ma. Na zauna tsakar gida, cikin rana, robar nama a gabana, na raba kowa na kallo. Kowane gida tsoka biyu. Na Hajiya Suwaibatu na sa uku, na kai mata da kaina, na ce kada wani hannu ya ji an bar shi.